Ambaton maƙala: aikina ne bai kai ba, ko ma'aunin ne?

Mai Nazarin Jawabai:
Assalamu alaikum malamai. Fannina balaga ne, ina nazarin yadda shugabanni ke tsara jawabi don shawo kan jama'a. Abokiyar aikina kuwa kafafen sada zumunta take bincike a kai. Tare muka fara koyarwa, amma a Scopus, rumbun intanet da ke ƙirga sau nawa aka ambaci maƙala a wasu rubuce-rubuce, yawan waɗanda suka ambaci maƙalunta ya fi nawa nesa ba kusa ba. Ga shi kwamitin ƙarin girma alƙaluma yake dubawa. Ina gizo ke saƙar?

Ma'aikacin Laburare:
Wa'alaikumus salam Malama. Fara duba inda masu karanta ki suke rubutu. Masu balaga sun fi fitar da littafi ko babi, Scopus da takwaransa Web of Science kuma mujallu suka fi tattarawa. Wanda ya kafa hujja da ke a cikin littafinsa, sau da yawa ba ya shiga lissafi. Gwada Google Scholar, sai dai shi kwashi-kwaraf yake yi, har kundin ɗalibai yana ƙirgawa.

Tsohon Malami:
Akwai batun lokaci kuma. Awon tasirin mujalla da Eugene Garfield ya kawo, wato ƙirgen yawan ambaton maƙalun mujalla, maƙalun shekara biyu da suka wuce kaɗai yake dubawa. Wannan ya dace da fannin da ake rige-rigen wallafa sakamako. Maƙalar balaga a mujallar Quarterly Journal of Speech, wadda ake bugawa tun 1915, sai ta kwana biyu kafin a farga da ita. Ma'aunin Hirsch na 2005, wanda ke haɗa yawan maƙalun mutum da yawan ambatonsu, shi ma ya fi yi wa mai rubutu da yawa daɗi.

Kuma ambato ba ya nufin an karanta. Maƙalar McCombs da Shaw ta 1972, kan yadda jarida ke tsara wa jama'a abin da za su ɗauka da muhimmanci, ta zama gaisuwar shiga gida. Na duba kundaye da dama da suka ambace ta, da gani ka san masu su ba su buɗe ta ba. Wanda ya ambace ki don ya ƙaryata ki ma, maki ɗaya ne.

Dakta a Sadarwa:
Farfesa, a gafarce ni, kada mu ɗora wa ma'auni duk laifin. Wasunmu take suke sa wa maƙala mai kama da kacici-kacici, ko mai nema ba zai same ta ba. Malama, gyara takenki, ki sa kwafi inda za a karanta kyauta idan mujallar ta yarda. A gaban kwamiti kuma ki nemi a gwada ki da masu balaga 'yan'uwanki. Sanarwar San Francisco ta 2012 kan yadda ake auna bincike ta ce kada a auna mai bincike da tasirin mujallar da ya buga a ciki.

Mai Nazarin Jawabai:
Na gode ƙwarai. Malam na laburare, ta yaya zan zaƙulo ambaton da ke cikin littattafan?