Lojisiyel guda an kwafe shi gida huɗu, yaya zan gano abin da ya bambanta su?

mai_kod_Maradi:
Salamu alaikum ƴan'uwa. Na gaji wani lojisiyel na lissafin kaya da wani ya rubuta da C++, shi ya tahi, kuma duk sanda ya samu sabon mai saye sai ya kwafe kod ɗin duka ya gyara. Yanzu kwafi huɗu ne: na mai magani, na mai taki da iri, da masu atamfa biyu a babbar kasuwa. Guda na karɓar naira da sefa saboda masu sari daga Katsina, guda na rubuta bashi, na maganin na duba ranar lalacewa. Na gyara kuskure wuri guda ya rage wuri ukku, wallahi abin na damuna don mutanen ga da shi suka dogara. Ta ina zan fara?

Bagobiri_dev:
Wa alaikumus salam. Kar ka taɓa komi tukuna. Zuba su cikin Git, lojisiyel mai ajiye tarihin gyaran kod, ka gwama su bibbiyu da diff mai nuna layukan da suka bambanta, abin da ke cikin duka huɗun shi ne gindi, sauran su ne fasali, wato abubuwan da wani kwafi ke yi wani ba ya yi, ka ba kowane suna ka yi tebur, kwafi a jere fasali a tsaye. In akwai #ifdef, alamar da ke kunna ko kashe wani yanki na kod, ka gode Allah, rabin aiki ya yi, don sunan da ke gabanshi sau da yawa shi ne fasalin. Haka Linux ke yi, sai dai su dokokin wane fasali ke buƙatar wane suna rubuce cikin fayilolin Kconfig, kai kuwa kai za ka tono su. Daga baya ka zana fasalolin kamar bishiya mai rassa a lojisiyel ɗin FeatureIDE, dabarar tun 1990 take, daga wani rahoton bincike mai suna FODA na jami'ar Carnegie Mellon a Amurka.

malama_info:
Ƙanena, abin da Bagobiri ya faɗa daidai ne, amma teburin ga zai iya ruɗinka. Kwafi huɗu kaɗan ne ƙwarai. In ka ga bashi da naira kullum tare suke zuwa, ba shi ke nuna dole guda na buƙatar guda ba, ƙila dai masu atamfar ne suka nemi duka biyun. Sai ka duba ko kod ɗin bashi na kiran na canji da gaske. Kuma ka taka ka zauna shagon kowane ka ga mi suke latsawa, za ka tarar da abin da ba wanda ya taɓa tun da aka saka shi.

mai_kod_Maradi:
Na gode Yaya, Allah ya saka. Na duba, bashin ba ya kiran canji ko sau guda. Gobe in sha Allahu da mai taki zan fara.