Ina za mu tura baƙin taro cin abinci a Kano?

Sakataren Kwamiti

Assalamu alaikum. Ina cikin kwamitin shirya wani taron ƙara wa juna sani da za a gudanar a sabon matsugunin Jami'ar Bayero da ke kan titin Gwarzo, kuma an ɗora mini nauyin rubuta 'yar takardar da za a saka a jakar kowane mahalarci, wadda za ta nuna masa wuraren cin abinci da na shan shayi ko kofi a cikin gari. Kwamiti zai ciyar da rana a harabar taro, amma karin kumallo da abincin dare kowa shi zai nema wa kansa.

Baƙin namu iri-iri ne. Akwai malamai daga Legas da Ibadan da Nsukka, akwai 'yan'uwa daga Yamai da Damagaram da Kumasi, sannan akwai 'yan tsiraru daga Jamus da Ingila da Amurka, waɗanda wasunsu ba su taɓa tako ƙasar nan ba. Yawancinsu za su sauka a otal-otal ɗin Nasarawa da Bompai, wasu kuma a masaukin baƙi na jami'a. Ba na son su koma gida ba su ci komai ba sai soyayyiyar shinkafa da kaza a otal, amma kuma ina tsoron in tura mutum inda cikinsa zai ɓaci ana gobe zai gabatar da maƙala. Ina neman shawarar waɗanda suka san gari: waɗanne wurare ya kamata in saka, kuma ina ake samun kofi na gaske?

Ɗan Gwammaja

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Kafin a zo batun sunayen wurare, ina ganin ya kamata ka fara da tazara, domin ita ce ke ɓata irin wannan takarda. Daga sabon matsugunin jami'a zuwa Nasarawa sai mutum ya ratso Rijiyar Zaki, ya sauko Kabuga, ya bi gefen ganuwa ta Gadon Ƙaya da Ƙofar Na'isa har Ɗan'agundi, kuma duk wanda ya bi hanyar nan tsakanin la'asar da magariba ya san yadda cunkoso ke cinye lokaci. Saboda haka ka raba takardar gida biyu: abin da baƙo zai samu kusa da wurin taro, da abin da zai samu kusa da masaukinsa. Wanda ya sauka a Tahir Guest Palace ko Bristol Palace ba shi da matsalar abincin dare, domin titunan Nasarawa irin su Sultan da Lodge da Lamido Crescent da Audu Baƙo cike suke da gidajen abinci na zamani, ciki har da Cilantro ga mai son girkin Indiya da na Turawa. Akwai kuma wuraren girkin Kwarori, wato 'yan asalin Labanon, waɗanda zamansu a Kano ya haura shekara ɗari, shi ya sa shawarma da gasasshen nama irin nasu suka zama kamar abincin gari.

Amma kada ka dogara da abin da ka sani tun bara ko abin da ke kan taswirar waya. Gidajen abinci a Kano suna buɗewa suna rufewa da sauri. Shoprite ma da ke rukunin kantunan Ado Bayero a titin Gidan Zu, wanda aka buɗe a 2014, ya rufe a farkon 2024, alhali har yanzu akwai masu yi wa baƙi kwatance da shi. Duk wurin da za ka rubuta, ka tura wani ya je da ƙafarsa a makon taron, ya tabbatar yana nan, ya tambayi lokacin rufewa, ya kuma duba ko suna karɓar kati ko tura kuɗi ta waya, domin katin bankin waje ba ko'ina yake aiki ba.

Batun komawa masauki da dare ma ka saka shi. Tun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano, kuma a 2022 gwamnati ta sanya dokar hana A Daidaita Sahu zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Gara kwamiti ya tanadi direbobin da ya yarda da su, a rubuta lambobinsu a ƙasan takardar.

Uwargida Bakanuwa

Malam Sakatare, Allah ya taimaka. Na yarda da maganar ɗan'uwana na Gwammaja a kan tazara, amma idan aka tsaya a Nasarawa kaɗai, baƙinka za su zo Kano su tafi ba su ci abincin Kano ba. Mutumin Legas ko na Landan bai yi wannan doguwar tafiya don ya ci shawarma ba, yana da ita a bakin ƙofarsa.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne, abincinmu na gargajiya lokaci gare shi. Idan ka rubuta wa baƙo sunan unguwa ba ka rubuta masa sa'a ba, zai je ya tarar an kife tanda an share wuri. Waina da miyar taushe ta safe ce, kuma daɗinta a ci ta tana fitowa daga tanda, gefenta ya yi ƙus-ƙus, cikinta da laushi. Koko da ƙosai su ma na safe ne. Ɗanwake na hantsi ne, a zuba masa mai da yaji, a yanka ƙwai da tumatir da albasa a kai. Fura da nono ta tsakar rana ce, lokacin da zafi ya buɗe. Tsire da balangu kuwa sai rana ta yi sanyi, kuma wanda ya je da wuri, sa'ad da mahauci ke jera tsinke a gefen wuta, shi ne ke samun wanda bai kwana ba, bai kuma sha ɗumame ba. Tuwon shinkafa ko na masara da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa shi ne abincin dare, kuma akwai gidajen abinci masu tsabta da suke yin sa da man shanu kamar na gida.

Idan abu ɗaya kawai baƙo zai ci a garin nan, to ya zama gurasa. Unguwar Jakara ta yi suna da ita tun kaka da kakanni, kuma akan gasa ta ne a jikin tanderu. A yi masa bandashe: a yayyafa wa gurasar ruwa ta yi laushi, a barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli, a zuba man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir da kabeji, a ɗora tsire a gefe. Wanda kuma yake son tsaraba, a kai shi Agadasawa ya sayi kilishi, ko a samo masa dambun nama, tunda dukansu suna jure tafiya. Sai dai a gaya wa masu komawa Turai da Amurka cewa dokar kwastan ɗin ƙasashensu ba ta yarda matafiyi ya shiga da nama ba, don kada a ƙwace musu a filin jirgi. Su ci nasu a nan.

Shawarata ita ce kada ka tura baƙo cikin birni da takarda kawai. Lungunan Jakara da Kurmi ba wurin da kwatance ke aiki ba ne. Ka nemi ɗalibai masu hankali, kowanne ya ɗauki mutum huɗu ko biyar, a haɗa fitar da ziyarar gidan tarihi na Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata da kasuwar Kurmi, a ƙare da gurasa. Baƙonka annabinka, in ji magabata, kuma a al'adarmu rakiya tana cikin karɓar baƙo.

Mai Son Gahawa

Ni batun kofi zan taɓa, tunda ba a amsa shi ba. Malam Sakatare, gara ka faɗa wa baƙinka gaskiya a rubuce: Kano garin shayi ne. Idan Bature ya ce a ba shi kofi a yawancin wurare, ruwan zafi za a kawo masa da ƙullin Nescafé da madarar gwangwani. Kofi na inji, wanda ake niƙa 'ya'yansa a gabanka, sai a manyan otal-otal da wasu 'yan shagunan kek da burodi na Nasarawa, kuma ko a can ya kamata wanda za ka tura ya tambaya ko injin yana aiki, domin ganin sa a kan kanta ba ya nufin ana amfani da shi. Wanda ba ya iya fara aiki sai ya sha irin wannan, ya sha a otal kafin motar taro ta tashi.

Amma ina ba da shawarar a saka teburin mai shayi a takardar, ba a matsayin maneji ba. Ruwansa tafasasshe ne, ana soya ƙwai a gabanka, kuma shayin da aka dafa da citta da kanumfari da na'ana'a ba abin raina wa ba ne, musamman idan taron ya faɗo cikin hunturu. A dai koya wa baƙo ya ce a rage sukari tun kafin a haɗa. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa sun saba da shayin buta mai ɗaci da ake sha zagaye uku a ƙananan kofuna, kuma ba za su rasa inda ake dafa shi ba.

Ma'aikaciyar Jinya

Ranki ya daɗe Hajiya Uwargida, bayaninki ya gamsar, sai dai akwai abu ɗaya da nake roƙon Malam Sakatare ya rubuta da manyan baƙaƙe, wato gyaɗa. A cikin Turawa da Amurkawa akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko kaɗan, har takan toshe musu numfashi cikin 'yan mintuna, kuma abincinmu da yawa akwai ta a ciki: ƙulin tsire da na kilishi da na bandashe, miyar taushe, kwaɗon zogale, kunun gyaɗa, ga kuma man da ake suya da shi. Mai tsire ba zai ga dalilin ambaton ta ba, domin a wurinsa ƙuli ba wani abu ba ne da ake gargaɗi a kansa. A tambayi mahalarta tun a takardar rajista.

Haka nan wanda ba ya cin nama ya sani cewa tsame nama daga miya ba ya mayar da ita ta ganye, tunda da romonsa aka dafa ta. Irin wannan baƙo ɗanwake da ƙosai da alale marar kifi sun fi masa. A kan fura kuma na ɗan saɓa da Hajiya: ga sabon zuwa, a saya masa wadda aka dama da yogot na kamfani, a bar nonon ƙwarya da ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba. Ɗanyen kabeji da latas na bakin titi ma a ɗage masa su har sai ya gabatar da maƙalarsa.

Sakataren Kwamiti

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan tsara takardar bisa lokaci da kuma unguwa, a saka gargaɗin gyaɗa a sama, a kuma mayar da fita cikin birni ranar ƙarshe bayan an kammala gabatar da maƙaloli. Sai dai ranar ƙarshen ta faɗo Juma'a. Hajiya, da safe ya fi ko da yamma?

Uwargida Bakanuwa

Da yamma, Malam. Daga wajen ƙarfe 12 hanyoyin da ke kewaye da Babban Masallacin cikin gari da Gidan Sarki sukan fara cika, wurare da yawa kuma sukan rufe har a sauko daga masallaci. Ku tashi daga jami'a da zarar an idar da sallar Juma'a, ku fara da Gidan Makama kafin a tashi aiki, sannan marina da Kurmi. A aika wa mai gurasa tun ranar Alhamis a gaya mata yawan mutanen, ta ware muku naku, ƙulin kuma a zuba shi a kwano daban.