Neman kalma: me za mu kira "pik" da ke fitowa a awon furotin na jini?

Mai shirin lafiya, Tawa: Salamu alaikum. Gobe ƙarfe 10 zan ɗauki shiri da likita, shi da Faransanci, ni in juya. Wata mai saurare ce ta jawo maganar: an yi wa tsohonta awon jini, takarda ta ce furotin ya yi yawa, an ga "pik" a sashen gamma, an ce su tafi Yamai a ɗebi ɓargo. Tun ranar ba wanda ya runtsa a gidan, don wani ya ce musu sankarar jini ce. Kalma uku nake nema: pik ɗin nan, da MGUS (pik ɗin da bai zama cuta ba), da miyelom. Miyelom na rubuta "sankarar jini", amma raina bai kwanta ba.

Ma'aikacin labo, Yamai: Wa alaikis salam ƙanwata. Goge wannan, lusemi, wato cutar da fararen ƙwayoyin jini ke yawaita ba tsari, ta riga ta ci sunan a bakin mutane. Miyelom a ɓargo yake zaune, cikin ƙwayoyin da ke ƙera wa jiki makaman kare kai. Guda ce ke lalacewa, ta yi ta haihuwar irinta, dukansu suna zubo makami iri ɗaya cikin jini. Mu a labo lantarki muke sa wa ruwan jinin, ya raba furotin gida biyar: albumin, alfa 1, alfa 2, beta, gamma. Gammar mai lafiya a takarda tudu ce shimfiɗaɗɗiya kamar jigawa. In iri ɗaya ya taru, sai ta miƙe siririya. Ni "tsini" zan ce.

Tsohon malamin lakwal: Tsini na allura ne da mashi. Abin da ya tsiro bisa kan abu ya miƙe, ƙaho ne sunansa. Ƙahon jini. Ku faɗa a baki ku ji yadda ya zauna. Sannan wannan "furotin" da kuke ta maimaitawa, a gidan wa aka raɗa masa suna? Maginin jiki ba ya isa?

Majo (ma'aikacin jinya): Baba, Allah ya ja kwana, in aka ce ƙahon jini a rediyo, jibi da safe rabin tsofaffin Ader suna ƙofar wanzami a yi musu ƙaho a fid da mugun jini. Mutumin da jininsa ya riga ya yi ƙasa kuma!

Tsohon malamin lakwal: Jahilcin mai ji ba laifin kalma ba ne. A koya musu.

Mai shirin lafiya, Tawa: Minti 25 gare ni, Baba.

Ɗalibi a Kano: Ban ga abin wahala ba. Nan "sankarar ɓargo" ake cewa, furotin kuwa har cikin littattafan firamare. Ku ɗauka ku huta.

Ma'aikacin labo, Yamai: Na sha jin an kira lusemi da sankarar ɓargo ita ma, kuma ba ƙarya aka yi ba, daga ɓargon take tasowa. Sai an ƙara wani abu.

Tsohon malamin lakwal: To ga shi nan. "Nan ake cewa." Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, amma kalma ba ta halatta sai an sa mata hannu a Kano. Mu da muke rubuta ƴ da lanƙwasarta, su suna rataya wa y wata alama a gaba. Yaro, furotin ɗinku Ingilishi ne da hula.

Ɗalibi a Kano: Baba, "lakwal" da ke jikin sunanka fa? Daga Gobir ta zo?

Tsohon malamin lakwal: Lakwal ta shekara fiye da ubanka a ƙasar nan, ta biya haraji.

Majo: Maginin jiki nama da wake da ƙwai mutane za su ji. Sai ƴar ta hana tsoho cin nama don an ce magini ya yi yawa, alhali abinci ba ruwansa da wannan. Gara baƙuwar kalma da za a tsaya a tambaya, da ta gida da za a fahimta a karkace.

Mai shirin lafiya, Tawa: Don Allah a dawo kan MGUS, ita ce ta fi ɗaure mini kai.

Ma'aikacin labo, Yamai: Ita ce ma zuciyar shirin naki. Abu na farko, yawan furotin kaɗai ba ya nufin komai tukuna. Na mai lafiya wajen giram 60 zuwa 80 ne a lita, kuma a nan masassara mai yawan dawowa, ciwon hanta, sida, tarin fuka, duk suna ɗaga gamma. Amma ɗagawar tudu ce gaba ɗaya, ba tsini. Ko ƙarancin ruwa a jiki kan sa adadin ya hau. Na biyu, ko tsinin ne, in bai kai giram 30 a lita ba, ƙwayoyin nan masu ƙera makaman ba su kai kashi 10 cikin 100 na ɓargo ba, kuma bai taɓa ƙashi ko ƙoda ba, jini bai ragu ba, kalsiyom bai hau ba, shi ne MGUS. Wani likitan Amurka, Robert Kyle, ya sa sunan a 1978, ma'anarsa dai an gani, ba a san inda ya nufa ba. Wajen mutum 1 cikin 100 ne a shekara nasa ke rikiɗa ya zama cuta. Ba a ba da magani, awo ake maimaitawa. Yawanci bayan shekara 50 ake ganinsa, kuma ya fi yawa a baƙar fata.

Tsohon malamin lakwal: Kwanton ɓauna ke nan. Kun ga Hausa ba ta rasa ba.

Majo: Mai kwanton ɓauna dole ya afko, Baba. Wannan mafi yawansu har su koma ga Allah bai motsa ba. Ka ce wa tsoho jininsa ya yi masa kwanton ɓauna, ka gama da barcinsa.

Ɗalibi a Kano: Tsini mai barci?

Ma'aikacin labo, Yamai: Mai barci sai a ƙyale shi, ba za su dawo awo ba. Akwai ma wani mataki tsakanin MGUS da miyelom da zai fi cancantar wannan sunan. "Tsinin sa-ido" fa? Yana faɗa wa mutum aikin da ke gabansa.

Mai shirin lafiya, Tawa: Wannan ya shige ni. Ga abin da na rubuta: pik, tsini. MGUS, tsinin sa-ido. Miyelom, sankarar ɓargo mai cin ƙashi, in faɗi "miyelom" sau ɗaya don su gane shi a takarda.

Ma'aikacin labo, Yamai: Ki ƙara "maladi Kahler", wasu likitocin haka suke rubutawa. Kuma kar kalmar sankara ta fito kafin ki ce ɗibar ɓargo ce ke raba gardama.

Majo: "Mai cin ƙashi" ya yi mini nauyi, ba kowa yake kamawa ta ƙashi ba. Amma ba ni da wanda ya fi shi yanzu.

Tsohon malamin lakwal: Sa-ido dai Hausa ce, ban hana ba. Tsini kuwa ku je da shi, ni a kundina ƙaho na rubuta. Furotin ba mu gama ba, ɗiyata, in kin sauko daga shirin ki neme ni.