Wane tiyo ya dace da famfon canza ruwan kifi?

Masu kiwon kifin teku a akwatin gilashi a Birnin Kebbi sun tattauna kan tiyon ƙaramin famfon da ke canza ruwan gishiri da kansa. Yawancinsu sun ce a bi girman bakin famfon, wanda galibi rubu'in inci ne. Idan tankin ajiyar ruwan yana nesa, a ɗan ƙara faɗi, don siririn tiyo mai tsawo yana wahalar da famfo.

Inda aka fi jan kunne: tiyon fitarwa da na zubawa su zama daidai, tsawo da faɗi, a kuma gwada kowanne da gorar lita 1, don a ga ruwan da ke fita daidai yake da wanda ke shiga. In ba haka ba, gishirin zai kauce daga 1.025, wato ma'aunin gishirin da ake so a ruwan, sannu a hankali.

Baƙin tiyo ya fi, gansakuka ba ta fitowa cikinsa.