Shin kafofin sada zumunta ne ke sa wa ɗaliban jami'a sha'awar kasuwanci?

Ɗalibin Aji Uku:
Assalamu alaikum. Na lura cewa ɗaliban da suka fi daɗewa a Instagram da TikTok su ne suka fi maganar kafa sana'a tun kafin su kammala karatu. Shin kafofin ne ke cusa musu wannan sha'awa, ko kuwa dama can suna da ita?

Malamar Jami'a:
Wa'alaikumus salam, ɗana. Masanin halayyar ɗan Adam Icek Ajzen ya bayyana a 1991 cewa niyyar yin abu tana ginuwa ne a kan yadda mutum yake kallon abin, da abin da makusantansa suke tsammani daga gare shi, da kuma yardarsa cewa zai iya. A ganina kafofin sun fi tasiri a kan na ƙarshen, domin ɗalibin da ya ga sa'ansa ya ɗauki hoton haja da waya, ya ɗora, masu saye suka fara tuntuɓarsa, zai ji cewa abin bai fi ƙarfinsa ba.

Tsohon Ɗalibi:
Gaskiya ne, Malama, sai dai waɗanda suka yi nasara kaɗai ake gani, wanda jarinsa ya karye kuwa shiru yake yi. Yawan mabiya ba ya koya wa mutum lissafin riba ko bin bashi.

Mai Karatu:
Tun da aka fito da WhatsApp Business a 2018, ƙaramin ɗan kasuwa yana iya hulɗa da abokan cinikinsa ba tare da kama shago ba, kuma wannan sauƙin shi ne ke jan ɗalibi mai ƙaramin jari.