Saura mako 11 gasar kilomita 10: in shiga ƙungiyar atisaye ko in ci gaba ni kaɗai?

Sabuwar Tafiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa yi. Shekarata 34, ban taɓa gudu ba sai mako bakwai da suka wuce. Na fara da gudun minti ɗaya, tafiyar minti biyu. Yanzu ina iya kilomita 3 ban tsaya ba, amma a hankali, wajen minti 26. Na yi rajistar gasar kilomita 10, saura mako 11.

Akwai wata ƙungiya da ke atisaye a fili, Litinin da Laraba da Asabar, awa guda: tsallen kwaɗo, tsugunna-miƙe, ɗaga nauyi, sai gudun hawa tudu a ƙarshe. Na je gwaji sau ɗaya, mutanen sun kwanta mini a rai ƙwarai, amma kwana uku na yi ina dafa bango in zan sauko matakala saboda tsamin cinya. Kwana huɗu kaɗai nake da su a mako, ga aiki ga yara. In na shiga, uku nasu ne, ɗaya tak ya rage wa gudu. Kuma kuɗin wata uku suke so a dunƙule, zuwa Juma'a. In shiga ko in bari sai bayan gasar? Takalmi ina da mai kyau, ba shi nake tambaya ba.

Dogon Numfashi:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kafin komai ki duba takalminki. Takalmin gudu daga kilomita 500 zuwa 800 ya gama aiki, ko da samansa yana nan fes. 

Uwar Biyu:
Yaya Dogo, ai ta ce tana da takalmi. Mako bakwai ne fa da farawarta, ko kilomita 100 bai ci ba.

Mai Agogo:
Shiga kawai. Mutum shi kaɗai da asuba uzuri ba ya ƙare masa. Ni sau huɗu ina farawa ina bari, sai da na samu mutanen da in ban zo ba za su kira ni. 'Yan Kenya da kuke gani suna cinye gasa, a garin Iten na ƙasarsu rukuni-rukuni suke fita. Eliud Kipchoge kansa da ya yi kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 2019, ai masu ja masa gudu ne suka kewaye shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ƙwauri Ɗaya:
Mai Agogo, 'yan Kenya gudu suke yi tare, ba tsallen kwaɗo ba. 'Yar'uwa, karanta nawa kafin ki biya.

Shekara biyu da suka wuce ina daidai inda kike. Na kai kilomita 4, ina shirin gasar 10, na shiga irin wannan ƙungiyar. Ban rage guduna ba, na ɗora nasu a kai, kwana shida ke nan a mako. Makon farko da na biyu daɗi kamar me, numfashina ya buɗe, har na fara wuce waɗanda suka riga ni shiga. A mako na huɗu ƙwaurina na hagu ya fara ciwo ta ciki, kamar taƙi ɗaya sama da idon sawu. Da farko in jiki ya yi ɗumi sai ya ɓace. Na gaya wa koci, ya ce lalaci ne ke fita daga jikina, ya hura usur, ya ce wanda ya zo ƙarshe a tudu zai ƙara zagaye biyu. Mutum 20 suna kallonka, ga mata ga yara matasa, wa zai ce ya gaji? Na ci gaba.

A mako na shida abin ya taru wuri guda. Da ɗan yatsa ɗaya nake nuna shi, in na danna sai na ji har ƙwaƙwalwa. Da dare ina kwance yana zogi. Ranar wata Asabar muna tsalle kan benci, na diro, ƙafar ta ƙi ɗaukata. Mutum biyu ne suka riƙe ni zuwa mota, sauran kuwa ba a ko dakatar da su ba, ina jin usur a bayana. Hoton farko da aka yi a asibiti bai nuna komai ba, sai da aka sake bayan mako uku aka ga ƙashin ya tsage. Mako takwas ba gudu, ukun farko da sanda. Ranar gasar ina zaune a ɗaki, lambar ƙirjina tana kan tebur, ban ko cire ta daga leda ba. Har yau tana nan.

Abin da ya fi ci mini rai ba ƙafar ba ce. Na biya wata shida, na yi ɗaya da rabi. Na nemi a mayar mini da saura ko a ajiye mini har in warke, aka ce ba a mayar da kuɗi. Kocin ko sannu bai aiko ba. Bayan mako biyu aka cire ni daga zauren WhatsApp ɗinsu.

Uwar Biyu:
Subhanallahi. Allah ya ƙara lafiya, Malam. Cire ka daga zauren nan ya fi komai muni.

Ɗan Baya:
Allah ya kiyaye gaba. Amma ka faɗi da bakinka, kwana shida kake yi. Ba duk laifin koci ba ne.

Ƙwauri Ɗaya:
Na yarda da rabona. Amma ni sabo ne, ban sani ba. Shi da ake biya don ya sani fa? Mutum ya nuna maka wuri ɗaya a ƙashi ya ce nan ke ciwo, ka ce lalaci ne?

Anti Nas:
Malam Ƙwauri ya yi gaskiya a nan. A sashen gashin ƙashi nake aiki, irin wannan muna ganinsa. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, cikin 'yan makonni za ki ji kin ƙara ƙarfi. Ƙashi da jijiya kuwa watanni suke ɗauka. Shi ya sa mako na huɗu zuwa na takwas ke da haɗari ga sabon shiga: numfashi ya ce ƙara, ƙafa ba ta shirya ba. Tsamin da kika ji bayan gwaji ba abin tsoro ba ne, yakan fi tsanani kwana ɗaya zuwa uku bayan aikin, sannan ya wuce. Wanda za ki tsaya a kansa shi ne ciwon da ke wuri ɗaya a kan ƙashi, ko wanda ke sa ki ɗingishi, ko mai tashinki da dare. Sannan in bayan atisaye mai tsanani tsoka ta kumbura, fitsari ya yi duhu sosai, asibiti za a tafi a ranar, domin tsokar da ta lalace tana iya taɓa ƙoda.

Ban ce ƙarfafa jiki ba shi da amfani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce babba ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, ban da minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici. Tsalle-tsallen ne da gudun tudu nake jiye miki, a kan ƙafar da mako bakwai kawai ta sani.

Gudun Barewa:
Da girmamawa Anti, ku marasa lafiya kaɗai kuke gani, shi ya sa komai haɗari ne a wajenku. Waɗanda suka yi lafiya lau ba sa zuwa muku. Na yi rabin marato sau uku, kilomita 21 kowanne, shekara huɗu ina ƙungiya, ko targaɗe ban taɓa yi ba. Wanda bai taɓa tsayawa a layin farawa ba ya bar mu mu ba da shawara.

Anti Nas:
Ƙanena, wa ya ce maka ban taɓa tsayawa ba? Kilomita 10 sau biyar na yi. Kuma shekara nawa ka yi kana buga ƙwallo kafin ka fara gudu? Kai da kanka ka faɗa mana a nan. Ƙafarka ba irin tata ba ce.

Koci Ƙarami:
Ni ina horar da ƙaramar ƙungiya, kuma ba zan kare wancan kocin ba, ya yi kuskure babba. Amma kada a yi mana kuɗin goro. Mai hankali yakan raba mutane gida biyu ko uku, sabo ya yi tsugunna-miƙe ba tsalle, ya hau tudu da tafiya. 'Yar'uwa, ki tambaye su abu biyu: me suke yi wa sabon shiga, kuma me suke yi in mutum ya ji ciwo. Amsar za ta nuna miki ko su waye.

Gudun Barewa:
Koci, kai ai kasuwarka kake karewa.

Sarkin Zolaya:
Barewa, rabin marato ukun nan duk wanda ya buɗe zance sai ka kawo su, ko maganar safa ake. Saura kaɗan mu haɗa maka su su zama ɗaya da rabi mu huta.

Mai Agogo:
Ni dai batun kuɗin ne ban gane ba. Wata uku a dunƙule? Mu kullum ka zo ka biya na ranar, abu kaɗan ne, ba ya ko shiga lissafi.

Ɗan Baya:
Kaɗan a ina? Haɗa na wata uku ka gani, ya fi kuɗin takalmi mai kyau. Na taɓa lissafawa, na ranar nan ya fi na wata tsada nesa ba kusa ba.

Uwar Biyu:
Tamu kyauta ce, mu takwas ne, ba koci. Mun bi tsarin nan na masu fara gudu da ake kira Couch to 5K, mai mako tara, kwana uku a mako, hutu tsakanin kowane biyu, muka kai kilomita 5 ba wanda ya ji ciwo. Haka haɗuwar gudun nan da ake kira parkrun ta fara a Landan a 2004, mutum 13 a wurin shaƙatawa na Bushy, yanzu ƙasashe da yawa ana yi duk Asabar, kilomita 5, ba a biyan ko sisi. Gudu tare bai dole sai da kuɗi ba.

Koci Ƙarami:
Kyauta tana da daɗi har ranar da wani ya faɗi ba wanda ya san abin yi.

Ƙwauri Ɗaya:
Ni da na biya, da na faɗi me aka yi?

Tsohon Soja:
'Yata, ni na kusa 60, kuma na ga abin da kike tambaya. Gasar kilomita 10 gudu ce, kuma gudu ne ke shirya mutum. A saurinki za ki yi wajen awa ɗaya da rabi a kan ƙafa, awa gudan da suke yi a fili ba zai koya wa jikinki wannan ba. Da ni ne, kwana uku gudu a hankali, irin wanda za ki iya hira ba haki. Ɗaya daga ciki ya zama dogo, ki riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan duk mako, daga 3 har ki kai 8 ko 9, makon ƙarshe ki sassauta. Haɗa gudu da tafiya ba abin kunya ba ne, Jeff Galloway ɗan Amurka, wanda ya je gasar Olamfik ta 1972, shekaru ya yi yana koyar da haka. Kwana na huɗun ki ba ƙungiyar, in za su karɓi rana ɗaya. In sun ce sai uku ko babu, ki bari sai bayan gasa, ba inda za su je.

Ɗan Baya:
Baba, awa ɗaya da rabin nan da ka ambata ta tuna mini. 'Yar'uwa, ki bincika ƙarfe nawa suke naɗe tabarma. Gasar da na fara yi, na iso wurin ruwa na kilomita 7 na tarar ana loda tebura a mota, kofuna a zube a ƙasa, ko ɗigo babu. Kuɗin rajista iri ɗaya muka biya da na gaba.

Uwar Biyu:
Wallahi ni ma! Mu an buɗe wa motoci hanya muna kai, muka koma gefen titi muna kauce wa babura. Da muka iso, an sauke allon ƙarshe, lambar yabo ta ƙare. Wata baiwar Allah da muka yi kilomita huɗun ƙarshe tare ta zauna a ƙasa tana kuka, wata biyar ta yi tana shiri.

Gudun Barewa:
Hanya ba za a rufe ta har azahar ba saboda mutum goma. Kowace gasa da lokacin rufewa.

Uwar Biyu:
To su rubuta shi a takardar rajista mana, kafin su karɓi kuɗin mutane. Kuma ba mu goma ba ne, mun fi 50.

Dogon Numfashi:
Shi ya sa nake ɗaukar gorata a hannu. Kuma kada a sa sabon takalmi ranar gasa.

Sabuwar Tafiya:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Malam Ƙwauri, labarinka ya tsaya mini a rai. Baba Soja, na aika musu saƙo na tambaya ko za su karɓi Asabar kaɗai, an karanta ba a amsa ba tukuna. Yanzu kuma na koma takardar rajistar gasar, na duba sama da ƙasa, ba inda aka rubuta lokacin rufewa. Wa ake tambaya?

Ɗan Baya:
Ki rubuta musu, kada ki yarda da waya, ki ajiye amsar. Ki tambayi wuraren ruwa nawa ne, kuma har ƙarfe nawa za a bar su. Uwar Biyu, ku a taku gasar ruwan ya kai ku, ko shi ma an kwashe?