Muhawara: Wa binciken da ake zuwa yi a garuruwanmu yake wa amfani?

Ɗan Anka: Assalamu alaikum jama'a. Zan faɗi wata magana, wanda zai ji haushi ya ji. Duk wannan bincike-binciken da ake zuwa ana yi a kanmu, masu binciken yake wa amfani. A turo yara da waya su zauna maka a zaure, awakinka nawa, sau nawa kuke cin nama a sati, ina kuke ɗebo ruwa, maiɗakinka ta je awo ko ba ta je ba. Su gama su miƙa maka sabulu guda su shiga mota. Wani ya samu digiri, wani ya samu alawus, a yi taro a otal a Abuja. Kai da aka tambaya ko sakamakon ba za ka ji ba.

Sista: Wa alaikumus salam. Yaya, da wani ne ya faɗi wannan da sai in yi shiru. Amma kai? Mutumin Anka? Ka manta da 2010?

Ɗan Anka: Wa zai manta. Ai agwagi ne suka fara mutuwa, babu wanda ya kula, aka ce cutar tsuntsaye ce. Sai ta koma kan yara. Yaro yana wasa da safe, da yamma ya kama amai da taune-taune, kafin kwana biyu an kai shi. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sanƙarau.

Sista: To ai ka ba kanka amsa. An yi ta bai wa yaran nan maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau, ba sa tashi. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da suka ga abin a watan Maris na 2010 su ma da farko ba su gane ba, sai da aka ɗebi jini aka kai Turai aka auna. Sakamako ya fito: gubar dalma. Daga nan masana na hukumar CDC ta Amurka suka zo tare da ma'aikatanmu suka bi gida-gida a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma, da irin tambayoyin nan da kake rainawa. Yara nawa ne a gidan nan, nawa suka rasu, ana daka dutse a tsakar gida ko ba a yi. Da aka haɗa lissafi, cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. Ɗaya cikin huɗu kenan. Kuma tambayoyin ne suka nuna gidajen da ake sarrafa dutsen zinare a ciki sun fi rasa yara. Ba don wannan ba, da har yanzu ana cewa iska ce.

Malamin Jami'a: In ƙara a kan abin da Anti ta faɗa. Dutsen da ake haƙowa a yankin akwai dalma mai yawa haɗe da zinaren. Ana niƙa shi a injin niƙan gari, mata na daka shi a turmin da za a daka hatsi da shi gobe, ana shanya shi inda yara ke rarrafe. Yaro kuwa komai hannu ne zuwa baki. Da aka auna ƙasar wasu gidaje, abin da aka samu ya ninka mizanin da Amurka ke amfani da shi wa filin wasan yara sau ɗaruruwa. Ƙaramar na'urar auna dalma a jini da ake yawo da ita ma iyakar lambar da take nunawa 65, sai ta yi ta nuna "ya wuce" kawai, ba lamba.

Ɗan Anka: Madalla. To Bagega fa, Malam? An san da gubar nan tun 2010. An kwashe ƙasa a Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke da sauransu, aka bar Bagega, wadda ta fi su girma. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, kuɗin bai fito ba sai farkon 2013, shi ma sai da matasa suka ta da ƙura a intanet suna cewa a ceci Bagega. Likitoci kuma suka ce ba za su fara bai wa yara magani ba sai an share gari. Shekara uku yara na cin ƙasar da kowa ya san guba ce. Takardun binciken suna ina a lokacin?

Sista: Maganar rashin ba da magani ba mugunta ba ce, Yaya. Maganin yana janyo dalmar daga jini ne ta fita ta fitsari. In ka ba yaro ka mayar da shi tsakar gidan da ya kwaso ta, aikin banza ka yi. Dole sai an kankare ƙasar sama da fartanya da shebur, an zuba a buhu an kai rami an binne, an kawo sabuwa an shimfiɗa, sannan magani ya yi aiki.

Malamin Jami'a: Kuma jinkirin Bagega laifin masu riƙe da baitulmali ne. Mai bincike ba shi ke sa hannu a fitar da kuɗi ba.

Hedimasta: Ɗana, wannan rarrabewar a jami'a take da ma'ana. Uban da ya binne ɗansa ba ya bambance wane ne mai bincike, wane ne ɗan ma'aikatar. Duk masu farar mota ne a wurinsa. Kuma in har iliminku bai hana maimaituwa ba, me ya sa a 2015 aka sake yin irinta a yankin Shikira, ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja? Yara 28 suka tafi, shekara biyar kacal bayan an rasa sama da 400 a Zamfara. Dutse iri ɗaya, daka iri ɗaya.

Malamin Jami'a: Ranka ya daɗe, ban musa ba. Amma ka lura a Neja ba a ɓata watanni ana laluben mene ne ba. An san abin da za a auna, an san yadda ake kwashe ƙasar, har akwai waɗanda suka koyi aikin a Zamfara.

Maman Biyu: Ni duk ba wannan ba. Ku gaya mini, abin da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba bincike ba ne? Ni wallahi duk wanda ya zo da sirinji ya ce zai ɗebi jinin ɗana don bincike, ƙofa zan rufe. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Sista: Maman Biyu, ban ga laifinki ba. A lokacin annobar sanƙarau ce, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a kan yara wajen 200. Rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wanda aka saba. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba, kamfanin ya ce an nemi izininsu da baki, kuma cutar ce ta kashe yaran. Aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Mu da muke aikin rigakafi mu muka kwashi kashinmu a hannu daga baya. Da aka dakatar da allurar shan inna a Kano a 2003, wannan labarin na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi.

Ɗan Anka: Kin ga ko. Da bakinki.

Malamin Jami'a: Yau ba haka ake yi ba, Yaya. Tun 2007 Najeriya na da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa. Ba ka da ikon taɓa mutum sai kwamitin ɗa'a ya duba aikinka ya amince. Dole ka bayyana wa mutum abin da za ka yi da harshen da yake ji, ka gaya masa yana iya cewa a'a, kuma in ya fara ya fasa babu abin da zai rasa na kulawar asibiti.

Hedimasta: A takarda. Na ga yadda ake yi. Takardar yarda shafi uku da Turanci, yaro ya karanta layi biyu ya fassara a gurguje, ya miƙo tawada a dangwala. Mai unguwa yana zaune a gefe, shi ya yi shela a fito. Wace mace ce za ta ce a'a a gaban mai unguwa?

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum, ku ba ni dama in sa baki daga wannan ɓangaren. Mu ma masu ankete, wato masu bincike, sun ishe mu, ban ƙi ba. Amma sanƙarau ɗin nan na 1996 da kuke magana, mutane wajen 25,000 ya kashe a faɗin Afirka. Da mun saba, da zafi ya shigo sai a fara jin wane wuyansa ya sanƙare. A 2010 aka fara allurar rigakafin sanƙarau ta MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da nan Nijar. Don mu aka yi ta, a Indiya aka sarrafa ta, kuɗinta bai kai rabin dala ba, kuma sai da aka gwada ta a kan mutanen ƙasashenmu na Afirka ta Yamma kafin a yarda da ita. Da iyayen waɗancan yaran duk sun rufe ƙofa irin ta Maman Biyu, da ba a samu ba.

Ɗan Anka: To in ta yi aiki, me ya kawo sanƙarau Zamfara a 2017?

Sista: Kala-kala ne, Yaya. Waccan allurar ta nau'in A ce, kuma ta kusa shafe shi. Na 2017 nau'in C ne. Ta yaya aka sani? Ruwan ƙashin bayan marasa lafiya aka ɗiba aka auna, abin da mutane suka fi ƙi ke nan a asibiti. Shi ya sa aka nemi wadda za ta haɗa nau'i biyar, kuma Najeriya ce ta fara yin ta a duniya a 2024. Haka maganin da ake bi gida-gida ana bai wa yara da damina, wata-wata, don kare zazzaɓin cizon sauro. Gwaje-gwajen da aka yi a Senegal da Mali da Burkina Faso ne suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012. Maman Biyu, naki ba sa sha?

Maman Biyu: Suna sha mana. Wannan ai magani ne, ba bincike ba.

Sista: 'Ya'yan wasu aka gwada wa kafin ya zo kan naki.

Hedimasta: Ku na lafiya ko ba komai kuna da abin nunawa. Ku zo ɓangarenmu ku gani. Za a zo makaranta a zaɓi yara, a ba kowa takarda mai haruffa, a danna agogon waya, minti ɗaya, a ƙirga nawa ya karanta. Yaro na rawar jiki don bai taɓa ganin baƙon ba. Su tafi. Ni da zan shiga ajin gobe ba a gaya mini wane yaro ne ya kasa ba, balle a ina ya kasa. Sai dai in ji a rediyo cewa yaran Arewa ba su iya karatu ba. Kuma abin da aka gano tun tuni ma ba a aiki da shi. Marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya yi gwajin Ife tun daga 1970, aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida na firamare, suka fi takwarorinsu da aka juya wa Turanci. Har yau muna nan muna ja-in-ja a kan ko a koyar da ɗan aji biyu lissafi da Hausa.

Sista: Baba, akwai ma inda aikinku da namu ya haɗu. Dalma ƙwaƙwalwa take taɓawa, kuma abin da ta lalata ba ya dawowa. Yaron da ake duka a aji wai daƙiƙi ne, wani lokaci jininsa ya kamata a auna. Ba sai ɗan masu haƙar zinare ba. Kwallin dutse da ake ranbaɗa wa jarirai, an auna irinsa an samu mafi yawansa dalma ce.

Maman Biyu: A'a Sista, kar ki kawo mana wannan. Kakannin kakanninmu sun sa kwalli. Mu ma da shi aka rene mu, ga mu nan garau.

Sista: Ke kin sa a ido kin bar shi. Jariri murza ido yake ya kai hannun baki. Ki bari sai ya girma, ba abin da zai ragu.

Malamin Jami'a: Yaya Ɗan Anka, ga wanda nake ganin zai fi shiga ranka, tunda ka san aikin. Hana haƙa bai taɓa hana haƙa ba, mutane ɓoyewa kawai suke, su koma da dutsen cikin gida. Wasu masu bincike da suka yi aiki da MSF a Neja suka bar wa'azi, suka zauna da masu injin. Suka rataya wa ma'aikata na'urar auna ƙura a wuyan riga suna aiki, sannan aka haɗa feshin ruwa a bakin injin niƙa aka sake aunawa. Ƙurar dalma ta ragu da kashi 95 cikin 100. Aka ƙara da wurin wanka da canza kaya kafin a koma gida. Ba wanda aka ce ya bar sana'arsa.

Ɗan Anka: Wannan kam magana ce, don ƙurar nan na san ta. Mutum ya tashi daga bakin inji fari fat har gashin ido, ya shiga gida yaro ya rugo ya rungume shi. Amma ka ga abin da nake faɗa? Ni da na yi aikin, sai yau nake jin wannan, a bakinka. Da wane harshe aka rubuta shi?

Malamin Jami'a: Da Turanci, a mujallar masana.

Ɗan Anka: To. Wanda ke bakin inji a dajin Anka wace mujalla yake karantawa?

Malamin Jami'a: Nan kam ba ni da ta cewa. Mu a jami'a da mujallar ake auna mu wajen ƙarin girma, ba a ba ka maki don ka koma gari ka yi bayani. Amma zan iya ɗaukar murya in bayyana yadda ake haɗa feshin, ku tura wa masu injin.

Hedimasta: Ka yi da Hausar kasuwa, ba ta aji ba.

Ɗan Anka: Ka turo, zan tura. Sai dai ka haɗa da amsar abin da za su tambaye ni, don na san za su tambaya. A watan Afrilu rijiya ta ƙafe, jarka sai ka saya. Wa zai kawo ruwan feshin, wa zai sayi famfon, kuma nawa ne man da zai ci a yini?